Kallon Talabijin na Ƙuruciya da Neman Tsohon Fim: Misali Daga Mashi da Labarin Fim Ɗin Shaihu Umar

Gabatarwa

Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa tsakanin 1975 da 1990 a gari irin Mashi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, da wuya ya rasa wani wasa ko fim da ya gani yana yaro wanda har yau bai fita ransa ba. Yakan tuna da zauren da aka zauna, da wanda ya ɗauke shi a cinya, da wurin da labarin ya sa tsofaffi suka yi tsit. Amma in aka tambaye shi sunan fim ɗin, ko shekarar da aka yi shi, ko tashar da ta nuna shi, sai ya yi shiru. In kuwa ya tashi nemansa don ya nuna wa 'ya'yansa, sau da yawa sai ya tarar ba shi a kasuwa, ba shi a intanet, a tashar ma ba wanda zai ce ga inda yake.

Wannan takarda bayani ce a kan dalilin da ya sa haka ke faruwa, da hanyar da mai nema zai bi. An ɗauki fim ɗin Shaihu Umar ya zama misali, don an daɗe ana zaton ya ɓace, daga baya aka same shi. Labarinsa yana nuna cewa wani abin da ake cewa ya ɓace yana nan ajiye, rubutaccen bayanin da zai kai mutum gare shi ne babu.

Yadda aka yi kallo

Tashar talabijin ta farko a Nijeriya ta buɗe a Ibadan cikin 1959, ta Jihar Arewa kuwa ta buɗe a Kaduna cikin 1962. Amma buɗe tasha dabam, isar hotonta ƙauye dabam. Hoton talabijin ba ya tafiya mai nisa kamar muryar rediyo, saboda haka garuruwan da ke can kusa da iyakar Nijar sun daɗe suna jin labarin akwatin nan kafin su gan shi. Sai bayan da aka ƙara yawan jihohi, aka kafa tasha a Kano da sauran manyan birane, Gwamnatin Tarayya kuma ta haɗa tashoshin ƙarƙashin hukumar NTA cikin 1977, sa'an nan kallo ya soma yaɗuwa. Mashi a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, don ba a yanke Jihar Katsina ba sai 1987, amma Kano ta fi kusa da ita nesa ba kusa ba. A Kano ɗin kuma gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa tashar jiha mai suna CTV, wadda daga baya aka mayar da sunanta ARTV.

A garuruwa irin wannan akwatin talabijin ba kayan kowane gida ba ne. Sai gidan sarauta, ko na babban ma'aikaci, ko na attajiri. Akan ɗaure eriya a kan dogon ƙarfe, a yi ta juya ta har hoto ya tsaya, inda babu lantarki kuma a haɗa akwatin da batirin mota. Tashoshi ba sa kwana suna aiki: da yamma suke buɗewa, su rufe da dare. Saboda haka kallo yana da lokacinsa, kamar yadda tatsuniya take da nata. Bayan sallar isha'i maigida ya sa a fito da akwatin tsakar gida ko ƙofar zaure, manya su zauna bisa tabarmi, yaran unguwa su durƙusa gaba, mata su tsaya daga inda suke iya hangowa.

Wannan irin zama shi ya sa abin ya kama zukata haka. Yaro yana kallon akwatin, yana kuma kallon yadda kakarsa ke salati in an zalunci wani, da yadda ubansa ke dariya in Samanja ya kwaɓa Hausar bariki. Washegari kuma a maimaita wasan a makaranta da bakin rijiya. Wasanni irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Kasimu Yero, da Karkuzu na Abdullahi Shu'aibu daga Jos, da Kuliya Manta Sabo daga Kano, ta haka suka shiga bakin jama'a har kalmominsu suka zama abin zance. Sai dai fa abin da yaro ya riƙe shi ne abin da ya taɓa shi. Rubutun da ke wucewa a farkon fim da ƙarshensa, inda sunayen masu aikin suke, ba ya cikin abin da yake lura da shi, wataƙila ma bai iya karatu ba tukuna.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Matakin farko ga mai nema shi ne ya gane irin abin da ya gani, don abubuwa uku ne mabambanta jama'a ke haɗa su su kira fim.

Na farko shi ne majigi. Tun zamanin Turawa gwamnati take aika mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko a filin kasuwa, a nuna wa jama'a kyauta. Abin da ake nunawa na wayar da kai ne: tsabta, allurar rigakafi, noman gyaɗa da auduga, da rangadin shugabanni. Baban Larai, wanda ya shafi noman auduga, yana cikin waɗanda suka fi shahara.

Na biyu shi ne fim ɗin silima, wanda ake biyan kuɗi a shiga a gani a manyan garuruwa. Mafi yawa na Indiya ne da na Amurka da na Sin, amma akwai 'yan kaɗan na Hausa, kamar Shaihu Umar na 1976, da Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa, da Kulɓa Na Ɓarna, wanda Brendan Shehu ya ɗauko daga wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina. Tashoshin talabijin sukan nuna fina-finan silima, musamman na Indiya, shi ya sa yaron da bai taɓa taka ƙofar silima ba yakan san su.

Na uku shi ne wasan da tasha ta shirya da kanta, mako mako. Daga 1990 kuma, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sai fim ɗin bidiyo na kasuwa ya shigo, wanda tarihinsa dabam ne.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne, majigi da fim ɗin silima a kan doguwar leda mai jerin hotuna aka ɗauke su, wasan tasha kuwa galibi a kan zaren kaset. Kowanne da mai shi, da wurin ajiyarsa, da irin ciwon da ke kashe shi.

Dalilin ɓacewa

Ledar fim da aka yi amfani da ita a wancan zamani ba ta son zafi da laima. In ta daɗe a ɗaki mai zafi sai ta soma ruɓewa da kanta, tana fitar da wani wari mai tsami kamar na ruwan kal, ta ƙanƙance, ta murɗe, har ta kai ba ta shiga na'ura. Tururin da take fitarwa kuma yana gaggauta lalacewar na kusa da ita. Launin fim mai kala yakan koɗe ya koma ja-ja. Gwangwanin da aka rufe ta ciki ya yi tsatsa, takardar da aka manna a kansa ta goge ko gara ta cinye, shi ke nan ba wanda ya san abin da ke ciki sai an buɗe an duba.

Zaren kaset kuwa illarsa uku ce. Ta farko, abin da ke riƙe da hoton a jikin zaren yakan sha laima ya yi danƙo, in an sa shi a na'ura sai ya kankare. Ta biyu, na'urorin da ke karanta shi sun ƙare. Kaset irin U-matic da Betacam da tashoshi suka yi aiki da su an daina yin injinansu, na'urar bidiyo ta gida ma, watau ta VHS, kamfanin ƙarshe da ke ƙera ta ya daina cikin 2016. Ta uku ita ce mafi muni, watau kaset abu ne da ake iya gogewa a sake ɗauka a kansa. Yana da tsada, daga ƙasashen waje ake sayo shi, saboda haka in an nuna wasan wannan mako akan ɗora na mako mai zuwa a kansa. Wanda aka goge ta haka ba ya dawowa.

Ba tashoshin Nijeriya kaɗai suka yi wannan ba. BBC ta Ingila ta goge shirye-shiryenta masu yawa cikin shekarun 1960 da 1970, ciki har da kashi-kashi na wani wasa mai suna Doctor Who, wanda yaran Ingila suka tashi da shi. Da aka gane asarar da aka yi, sai aka shiga bin sawun kofen da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Cikin Oktoba 1913 ba a san talabijin ba, amma shekara ɗari bayan haka, cikin Oktoba 2013, aka ba da sanarwar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya samo kashi tara da suka ɓace, na 1967 da 1968, ajiye a wani ɗaki na tashar talabijin a Jos. Shekaru da dama suna nan a kan kanta, ba wanda ya san ana cigiyarsu.

Labarin Shaihu Umar

Asalin Shaihu Umar littafi ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, shi ya rubuta shi don gasar ƙaga labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya cikin 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. An buga shi cikin 1934. Mawallafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi cikin Janairu 1966, shekara guda bayan haka kuma Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar littafin da Ingilishi. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu, wanda ya daɗe yana shirya wa gwamnati fina-finan wayar da kai, ya mayar da shi fim cikin 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar.

Labarin sananne ne ga duk wanda ya karantar da adabin Hausa. Wani malami ne a Rauta yake ba almajiransa tarihinsa: yadda mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, mahassada suka sa aka kori Makau daga gari, aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun masu bauta, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyar kuwa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai a Tarabulus, tana gab da rasuwa.

Tun da labari ɗaya ya zo ta hanya uku, watau littafi da wasan dandali da fim, mai bincike zai tarar tunanin mutane ya cakuɗe. Wani ya karanta shi a aji, wani ya ga 'yan makaranta sun yi wasansa, wani ya ga fim ɗin, kowa kuma zai ce ya ga Shaihu Umar.

Fim ɗin kansa ya daina yawo, har masu nazari suka riƙa ambatonsa cikin waɗanda suka ɓace. Cikin 2016 aka gano uwar fim ɗin, wadda masu sana'ar ke kira nagatif, tare da kofensa, a cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1979 take kuma da babban ofishinta a Jos. Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society yana cikin waɗanda suka dage a kan a buɗe tsofaffin gwangwanayen nan a ga abin da ke ciki. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta ɗauki nauyin gyaransa da taimakon ofishin jakadancin Jamus a Abuja, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin cikin Fabrairu 2018.

Yana da kyau mai karatu ya san girman wannan aiki. Tsawon fim ɗin minti 142 ne. Fim mai faɗin milimita 35 yana wuce hoto 24 a kowace daƙiƙa, yana kuma cin ƙafa 90 na leda a minti ɗaya. In aka yi lissafi, hotunan sun haura 204,000, tsawon ledar kuma ya kai ƙafa 12,780, watau kusan mil biyu da rabi. Sai an tsabtace ta, an ɗinke inda ta yage, an ɗauki kowane hoto an shigar a kwamfuta, an gyara launi, sa'an nan an daidaita murya da motsin baki. Bayan wannan aiki, cikin 2019, aka buɗe karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai a Jami'ar Jos, da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt.

Abin lura a nan shi ne, Shaihu Umar bai ƙone ba, ba a kuma sace shi ba. Yana hannun hukumar da ta dace da ajiye shi. An same shi ne don sunansa sananne ne, akwai littafi, an san wanda ya shirya shi da shekarar da aka yi shi, saboda haka da aka ci karo da gwangwaninsa aka gane shi. Wasan da ba wanda ya rubuta sunansa, ko da an buɗe kaset ɗinsa, zai zama hoton baƙin fuskoki ne kawai.

Hanyar da mai nema zai bi

Mai nema ya soma da rubuta abin da ya tuna tun kafin ya tambayi kowa, don da zarar ya ji na wani sai nasa ya gauraya da shi. Ya rubuta abin da ya faru cikin labarin, da irin tufafin 'yan wasan, da harshen da suka yi magana da shi, da waƙa in akwai.

Sa'an nan ya tsayar da lokaci. Mutane ba safai suke riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya auku. Shekarar da aka kashe Janar Murtala 1976 ce, ta canjin kuɗi na zamanin Janar Buhari 1984 ce, ta samun Jihar Katsina 1987 ce. In aka ce an ga wasan kafin ɗaya daga cikin waɗannan ko bayansa, an rage nisan tafiya.

Na uku, ya binciki tashar. Gari irin Mashi, da ke tsakanin Katsina da Daura kusa da iyaka, inda aka juya eriya nan ake kamawa, saboda haka sai a tambayi masu gidan ko ta ina suke fuskantar da ita. Ya kuma kiyayi wata ruɗarwa: wanda ya yi kallo a akwati mai fari da baƙi zai rantse fim ɗin ba shi da launi, alhali kuwa akwatin ne ba shi da shi.

Na huɗu, ya nemi shaida a rubuce. Jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian na waɗannan shekaru suna da labaran 'yan wasa da tallace-tallacen silima, ana kuma samun tsofaffin jaridu a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Arewa House, dukansu a Kaduna. Nazarce-nazarcen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, da littafin Brian Larkin mai suna Signal and Noise na 2008, sun tattara sunaye da shekaru masu yawa game da majigi da silima da bidiyo a ƙasar Hausa.

Na biyar, ya je ga mutane. Tsofaffin ma'aikatan tasha, masu ɗaukar hoto, masu gyaran rediyo da talabijin, da waɗanda suka taɓa buɗe shagon hayar kaset, su ne suka san inda abubuwa suka shiga. Sau da yawa kofen da ya tsira yana gidan wani ɗan wasa, ko gidan wani mai na'urar bidiyo da ya naɗi shirin daga akwatinsa. In an sami irin wannan kaset, kada a yi garajen sa shi a tsohuwar na'ura, don kallo ɗaya yana iya zama na ƙarshe. A nisanta shi daga rana da laima, a kai wa wanda ya san aikin ya juye shi a kwamfuta, a yi kofe fiye da ɗaya, a ajiye su wurare dabam-dabam, a kuma rubuta bayaninsa a jikinsa da cikin rajista.

Abin da ya rataya a wuyan malamai

Ba kowane nema ne zai ƙare kamar na Shaihu Umar ba. Wasannin da aka goge sun tafi, abin da ya rage daga cikinsu shi ne abin da ke cikin kan waɗanda suka yi su da waɗanda suka gan su. Su kuma suna ta raguwa. Kasimu Yero ya rasu cikin 2017, Usman Baba Pategi cikin 2023, Abdullahi Shu'aibu Karkuzu cikin 2025. Yaran da suka durƙusa gaban akwati cikin 1980 yanzu sun ba hamsin baya.

Sassan Hausa sun san yadda ake tattara tatsuniya da kirari da waƙar baka daga bakin tsofaffi, wannan ma aiki ne irin wancan. Malamin kwalejin horon malamai a Katsina ko Daura ko Dutsin-ma yana da ɗalibai daga kowace gunduma. In ya ba kowannensu aikin hutu, ya zauna da dattawa uku na garinsu ya rubuta sunan wasan da suka tuna, da tashar, da lokacin, da sunayen 'yan wasan, da labarin gwargwadon yadda ya zo bakinsu, ya kuma tambaya ko akwai tsohon kaset a gidan, to cikin 'yan shekaru sashen zai mallaki rajistar da babu irinta. Inda bakin mutum uku daga garuruwa dabam-dabam ya zo ɗaya, an sami abin dogara. Inda suka saɓa, saɓanin ma abin nazari ne, don yana nuna abin da kowane gari ya ɗauka daga wasan.

Irin wannan rajista tana da amfani biyu. Ita za ta tsaya a madadin wasan da ya salwanta, ita ce kuma za ta sa a gane wanda ya tsira ranar da aka buɗe wani ɗakin ajiya a Kaduna ko Kano ko Jos. Hukumar UNESCO ta keɓe ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da adana kayan sauti da hoto. Sashen da ya ga dama yana iya mayar da ita ranar da ɗalibai za su kawo abin da suka tattaro daga gida, a karanta, a shigar cikin rajista.